Kunnen Baba da Birkin Motata

Wata uku ke nan da Baba ya dawo gidanmu da zama, kuma da za a tattara duk maganar da ya yi a wata ukun nan, ba za ta cika shafi ɗaya ba. "Lafiya lau." "Na ƙoshi." "Allah ya yi albarka." Shi ke nan. Sai ya zauna a kujerar roba a baranda, ya ɗora hannuwa bisa gwiwa, ya zuba wa ƙofar gida ido har rana ta juya.

Wanda bai san shi a da ba sai ya ce dama haka halinsa yake. Ina! Baba shekara arba'in da biyu ya yi yana gyaran mota, kuma in yana faɗa a gareji, mai shagon tsallaken titi yana iya maimaita maka duk abin da ya ce. Rawar hannu ce ta raba shi da sana'a. Ta fara da ɗan yatsa, ta kama hannun dama, har ta kai ba ya iya zura noti a mazauninsa. Ya bar garejin, ya ɗaure akwatin sufanunsa da igiya, ya dawo wurina, tunda ni ce ma'aikaciyar jinya a cikin 'ya'yansa, ni zan fi sa ido a kan maganinsa. Akwatin nan yana ƙarƙashin gadonsa. Ko shara zan yi ba ya bari in matsar da shi.

Wata ranar Alhamis na ɗauko shi daga ganin likita a 'yar tsohuwar motata. Mun zo mahaɗar hanya danja ta tsayar da mu, na taka birki, motar ta yi wani ƙara, ƙiiii, sannan gurrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Ni na riga na saba. Rediyo nake ƙara wa murya in ta fara.

"Tun yaushe take wannan kukan?"

Na waiga, don na ɗauka wani ne ya yi magana ta taga. Baba ne. Ya miƙe zaune, ya karkata kunne.

"Sati biyu, Baba. Ko uku."

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ni za ki gaya wa sati uku?"

"To, wata biyu."

"Kashe rediyon nan. In an ba mu hannu ki ɗan yi gudu, ki sake takawa."

Na yi yadda ya ce. Ya rufe ido yana saurare, ya tambaye ni ko sitiyari yana rawa a hannuna. Na ce kaɗan.

"Takalmin birkin gaba ya cinye ƙarƙaf, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Faifan da yake kamawa, diskin, shi ma ya tafi. Na dama ya fi lalacewa. Ke da kike faɗa wa mutane kada su bar ciwo ya yi tsanani kafin su zo asibiti!"

Kunya ta kama ni, amma daɗi ya fi ta yawa. Rabon da in ji ya jera magana haka har na manta. Na ce ranar Asabar zan kai ta gareji.

"Gareji? Ina raye?"

"Baba, hannunka fa..."

"Ke ba ki da hannu ne?"

Washegari da na taso daga aiki muka je layin masu kayan mota. Mai shagon da muka shiga ya dube ni, mace da jaka, ya dubi tsohon da ke dogara sanda, sai ya sauko da wani kwali mai ƙyalli yana yabonsa kamar zai aurar da shi. Baba ya sa na ciro diskin, na rataye shi a yatsana ta ramin tsakiya, ya ce in ƙwanƙwasa da makullin mota. Ya yi wani sauti, kwaf, kamar murfin tukunya.

"Wannan ka kai wa mai yin kasko," in ji Baba. "Kawo na ciki."

"Baba, ai duk ɗaya ne, kwali ne kawai ya..."

"Na cikin. Wanda kake ajiye wa masanan abin."

Mai shago ya yi dariya, ya shige can ƙurya, ya daɗe yana ture-ture, ya fito da wani kwali mara ado duk ƙura. Wannan da na ƙwanƙwasa shi sai ya yi tinnn, ya ja dogon amo. Baba ya gyaɗa kai. Takalman birkin ma sai da ya mayar da kala biyu, yana kankara su da farce, kafin ya yarda da na uku. Muna fita mai shagon ya biyo mu har mota yana tambaya wane gareji ne na Baba.

"Ga shi nan," Baba ya ce, ya nuna ni da sanda.

Maigidana malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma kowa Malam yake ce masa, har ni. Mutum ne mai kirki, mai son taimako, amma in ka ba shi ƙusa da guduma sai ka tanadi bandeji. Da ya ji abin da muke shiryawa, ya zauna da wayarsa ya kalli bidiyon gyaran birki har guda bakwai. Da safiyar Asabar ya fito tsakar gida da tsohuwar rigar motsa jiki, da 'yar takarda da ya jera matakai a kai, ɗaya zuwa goma sha tara.

"Baba, na fahimci abin sarai. Mutumin da na kalla a minti goma sha biyu ya gama."

"Motarsa ta taɓa shiga ruwa?"

"Bai faɗa ba."

"To."

Mu biyu muka kinkimo akwatin sufanun, Baba yana biye da mu yana cewa a hankali, kamar muna ɗauke da jariri. Ya kwance igiyar da kansa. Da murfin ya buɗe wani wari ya taso, na tsohon giris da ƙarfe, sai na ji kamar na koma 'yar shekara tara. A lokacin ni ake aika in kai masa abincin rana gareji. Yayyena maza biyu su ake sa wa koyon aiki, suna yi suna kumbura baki. Ni kuwa sai in ajiye kwano in laɓe bayan wata mota ina kallo, har sai ya hango ni ya ce in tafi gida kada in ɓata kayana. Yanzu ɗaya yana aikin banki, ɗaya yana sayar da magani, kuma cikinsu babu wanda zai iya sauya taya ba tare da ya kira wani ba.

Aka ja birkin hannu, aka sa bulo a bayan tayoyin baya. Malam ya ɗauko jak zai fara ɗaga mota.

"Tsaya, Malam. A sassauta notin taya tukuna tana ƙasa. In ka ɗaga ta, tayar za ta riƙa juyawa tana yi maka dariya."

Malam ya duba takardarsa. "Haka ne. Lamba ta biyu ke nan. Na tsallake."

Na sa sufanar taya, na danna da hannu, ko motsi. Baba ya ce in hau da ƙafa. Na ɗaure gyalena a ƙugu, na taka, na sake nauyina gaba ɗaya, notin ya yi ƙarr ya saki. Malam ya tafa mini. Muka ɗaga motar, muka tokare ta da ƙafar ƙarfe, sannan Baba ya sa aka tura tayar da muka cire a ƙarƙashinta. Ya ce jak abokin tafiya ne, ba abin amana ba ne, ya san mutum biyu da suka yarda da shi, ɗaya har yanzu yana ɗingishi.

Aka murza sitiyari, birkin ya fuskanto mu. Faifan ya yi zane-zane masu zurfi kamar an bi shi da garma. Wani dunƙulen ƙarfe yana rungume da gefensa.

"Wannan shi ne kalifa," in ji Baba.

"Na wace daula?" in ji Malam.

Baba ya dube shi ta saman tabarau. Malam ya yi tari, ya ce wasa yake yi. Ni dai na sunkuyar da kai ina dariya a ciki.

"Miƙo goma sha huɗu," Baba ya ce.

Na miƙa masa sufanar ban yi tunani ba, shi ma ya karɓa bai yi tunani ba. Ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya kai hannu bayan kalifa. Bakin sufanar ya riƙa bugun kan notin, kaf, kaf, kaf, ya ƙi shiga. Ya riƙe hannun damar da na hagu, ya sake gwadawa. Ta suɓuce ta faɗi a siminti, ta yi ƙara, ta gangara ƙarƙashin mota.

Malam ya shiga karanta takardarsa kamar yau ya fara ganinta. Baba ya tsaya yana kallon hannunsa yana ta kaɗawa shi kaɗai.

Na kwanta rub da ciki na jawo sufanar, na goge ta a zanina, na zura ta a notin.

"Ta wane ɓangare zan juya, Baba? Ni daga nan komai a juye nake ganinsa."

Na san ɓangaren. Shi ma ina jin ya san na sani. Ya dafa kafaɗata ya koma kujerarsa.

"Tura ta ƙasa. Kada ki fizga. Ki matsa a hankali har ki ji ta yarda."

Daga nan aiki ya kankama. Noti biyu suka fita, kalifa ya zame. Baba ya ce kada in kuskura in bar shi yana lilo a jikin tiyon mai, in tiyon ya tsage mun sayi wani aikin. Malam ya ruga ɗaki ya dawo da ƙarfen rataye riga, ya lanƙwasa shi, muka rataye kalifan. Wannan dabarar a bidiyo ya gano ta, kuma Baba ya ce ba laifi. Malam ya yini yana tuna mana da wannan "ba laifi" ɗin.

Da na zaro tsofaffin takalman, na ciki babu komai a jikinsa sai ƙarfe tsirara, yana sheƙi. Baba ya karɓa ya jujjuya shi, ya ɗaga wa Malam.

"Ka ga abin da matarka take hawa ta je aiki kullum."

"Ni ma a ciki take kai ni makaranta, Baba."

"To ku yi sadaka, ku duka biyu."

Manyan notin da ke riƙe da mazaunin kalifa su suka fara ba mu wuya. Na ja har jijiyar wuyana ta tashi. Baba ya sa aka ɗauko wani guntun bututu daga akwatinsa, aka zura wa sufanar ta yi tsawo, sai ga noti yana juyawa kamar ba shi ba. Ya ce ƙarfi na jaki ne, bakanike tsawo yake nema.

Sai diskin. Babu sauran abin da ke riƙe da shi, amma ya ƙi fita. Tsatsa ta haɗe shi da mazauninsa, sun zama abu ɗaya. Na ja, na girgiza, na roƙe shi.

"A bidiyon da hannu ɗaya ya zare shi," in ji Malam.

"Ɗauko guduma," in ji Baba.

Malam ya ce wannan kam aikin maza ne, a bar masa. Ya tofa yawu a tafi, ya ja baya, ya kai duka da dukkan ƙarfinsa. Gudumar ta wuce diskin ta sami ƙarfen rataye rigar, kalifa ya yi tsalle, ni na cafe shi a iska. Baba ya yi salati.

"Malam, kawo. Ka riƙe mana kalifan, tunda kun saba."

Ya nuna mini inda zan buga da bakin sandarsa, tsakanin ƙusoshin taya, nan, da nan, da nan, ina juya faifan. Kada in taɓa ƙusoshin. Kada in yi fushi. Na buga ya fi sau talatin, tsatsa tana zubowa ja kamar garin bulo. Hannuna ya mutu, gumi yana shiga mini ido. Maƙwabciyarmu, wata tela, ta leƙo ta saman katanga ta tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau," Baba ya amsa mata da ƙarfi. "'Yata ce take aiki."

Ban san ko wannan maganar ce ta ƙara mini ƙarfi ba, amma duka na gaba diskin ya yi ƙwas ya saki, saura kaɗan ya faɗo mini a ƙafa.

Muka huta muka sha ruwa. Baba ya karɓi kofinsa da hannu biyu, rabi ya zube a rigarsa, bai ko kula ba, yana ba Malam labarin wata babbar mota da ya kwana uku yana neman inda take ƙara, ashe cokalin direba ne ya faɗa cikin ƙofa.

Mayarwa ta fi daɗi. Na kankare mazaunin da buroshin ƙarfe har ya yi fes, don Baba ya ce ƙwayar tsatsa ɗaya in ta rage, sabon diski zai zauna a karkace, sitiyari ya koma rawarsa. Na wanke man da aka shafa wa sabon faifan. Malam ya buɗe bonet ya cire murfin man birki, aka ba shi aikin gadi, ya tsaya yana kallon man kada ya tumbatso, ni kuma na ɗora tsohon takalmi a bakin fistin ɗin kalifa, ƙarfen da ke tura takalmi, ina matse shi da wani ƙarfe mai murɗawa, yana komawa ciki sannu a hankali.

"Yana tasowa!" Malam ya yi kira. "Yana tasowa fa!"

"Ya kai baki?"

"Saura kamar yatsa biyu."

"To bar shi ya taso. Gidansa ne."

Wajen shafa giris ne Baba ya miƙo yatsa. Wannan ba ya bukatar saiti. Na riƙe masa 'yan sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, ya lakato giris ya shafa, rawar hannun ma kamar taimaka masa take yi. Ya gargaɗe ni kada ko ɗigo ya taɓa fuskar takalmin. Da na zo ɗaure noti sai ya ce in dakata, ya ɗora tafinsa a bayan hannuna, muka ja tare.

"Nan. Kin ji? Daidai nan. Ƙari kaɗan ki karya shi, ragi kaɗan ya kwance a hanya."

Na ji kuwa. Wani ɗan tsayawa ne da ƙarfe yake yi, ba zan iya kwatanta shi da baki ba.

Ɓangaren dama ya cinye mana awa uku. Na hagu ko awa ɗaya bai kai ba, har ina miƙa hannu in ɗauki sufana kafin a faɗi lambarta. Can Baba ya ce, "Wa ya koya miki riƙe ta haka?"

"Wani bakanike ne mai faɗa. A bayan mota nake laɓewa ina kallonsa."

Ya sosa gemu. "Da na sani da na kori waɗancan ragwayen biyu na bar ki."

"Da yanzu wa zai riƙa ba ka magani?"

"Shi ma gaskiya ne."

Bayan azahar muka mayar da tayoyi, muka sauke motar, muka janye bulon bayan taya, na bi notin ɗaya bayan ɗaya a gicciye yadda ya ce. Sababbin faifan suna ƙyalli ta cikin ramukan taya. Fuskata baƙi, hannuna baƙi, zanina kam ya gama yawo. Baba yana ta murmushi, ya rasa inda zai sa kansa don daɗi, kuma ina jin tausayin Malam ne ya kama shi, ganin tun safe bai sami wani aikin kirki ba.

"Malam, kai za ka fara taɓa ta. Shiga ka ja ta baya, mu share wurin."

Malam ya goge hannu, ya shiga da fara'a, ya tayar, ya sa ribas, ya saki birkin hannu. Tsakar gidanmu yana da ɗan gangare zuwa baya, inda tankin ruwanmu na roba yake zaune a kan bulo. Motar ta fara tafiya sumul. Sai na ga idon Malam ya fito.

"Babu birki! Babu komai! Ya shige ƙasa!"

Baba ya zabura tsaye, sandarsa ta faɗi. "Tattaka! Tattaka shi da sauri!"

"Birkin hannu!" na yi ihu.

Malam ya kai hannu, sai ga abin share gilashi yana kaiwa da komowa. Ya sake kai hannu, ya danna hon. Motar ba gudu take ba, tafiyar tsohuwa mai zuwa gaisuwa take yi, har na bi ta na kama madubi ina ja kamar akuya. A haka ta je ta sumbaci tankin. Ya yi wani ɓum, ya karkace, gindinsa ya tsage, ruwa ya yi tsiri ya malale tsakar gida, ya kwashi kwalayen diski da takardar Malam mai mataki goma sha tara ya yi waje da su ta ƙarƙashin ƙofa.

Malam ya kashe mota ya fito, ruwa har idon sawu. Babu abin da ya same shi. Motar ma ɗan ƙarce kawai ta yi a baya.

Na juya wajen Baba. Ya koma ya zauna, fara'ar nan duk ta ɗauke.

"Laifina ne," ya ce a hankali. "In an mayar da fistin ciki, sai an tattaka birki ya cika kafin a motsa mota. Yaron da ya yi sati ɗaya a gareji ya san wannan. Shekara arba'in da biyu ban taɓa mantawa ba. Ashe ba hannun kaɗai ba ne."

Na buɗe baki zan yi magana. Malam ne ya riga ni. Ya taho yana fantsama ruwa, ya tsuguna a gabansa.

"Baba, bidiyo bakwai na kalla. Duk bakwai ɗin sun faɗi wannan maganar. Ɗaya har da jan rubutu ya sa. Ni na rubuta ta da hannuna, lamba ta goma sha takwas, na ja layi biyu a ƙasa." Ya nuna ƙofa. "Ga ta can ta tafi unguwa. Kai sau ɗaya ka manta a shekara arba'in da biyu. Ni sau bakwai na manta a kwana ɗaya."

Baba ya dube shi. Kafaɗarsa ta fara motsi, na ɗauka rawar ce ta taso, ashe dariya ce. Ya yi ta har da hawaye, yana nuna abin share gilashin da ya tsaya a tsakiya.

"To shi wannan da ka kunna, ruwan ka hango tun kafin ya zo?"

Tela ta sake leƙowa ta katanga, ta ga tafki a gidanmu da mutum uku suna dariya a ciki, ta ce Allah ya kyauta, ta koma.

Na shiga motar na tattaka birki. Sau ɗaya, biyu, ya tafi ƙasa laƙwas. A na biyar ya fara tauri, a na takwas ya tsaya ƙyam kamar dutse. Baba ya sa na duba man birki, na rufe murfin, sannan ya zagayo ya shiga gaba ya ja bel. Malam ya ce shi zai tsaya ya kwashe ruwa, ya ga abin da ya gani.

Muka fita wani dogon titi da ba kowa a bayan unguwa. Baba ya ce sabon takalmi da sabon faifai baƙin juna ne, sai an gabatar da su. In yi gudu kaɗan, in taka a hankali har ta kusa tsayawa, in saki, in sake. Muka yi haka sau goma. Wani mai keke ya tsaya a gefen hanya yana kallonmu, ya ɗauka koyon mota nake. Wani ɗan ƙauri ya taso, Baba ya ce kada in damu, gaisawa suke yi.

A na ƙarshe ya ce in taka sosai. Na taka. Motar ta tsaya cak, a miƙe, ba ƙara, ba rawa. Abin da na ji kawai shi ne numfashinmu.

"Hm," in ji Baba. "Aikin nan ya yi."

Ranar a gidan tela muka ɗebo ruwan wanka, bokiti-bokiti, kuma sai da na ba ta labarin tun daga farko kafin ta bar ni na tafi. Sabulu uku na gwada a hannuna, baƙin da ke ƙarƙashin farce ya ce yana nan.

Da safiyar Lahadi hayaniya ce ta fito da ni. Na tarar an kwantar da tankin, Baba yana kujerarsa yana ba da umarni, Malam yana gasa tsohuwar wuƙa a wuta zai narka roba ya like tsagar. Kafin in ce a kira mai gyara har ya ƙona yatsa. Na kawo akwatin magani na ɗaure masa. Likin ya riƙe kwana huɗu, a na biyar ya buɗe, muka sayi sabon tanki. Tsohon kuwa Malam ya raba shi biyu ya zuba ƙasa ya shuka tumatir a bayan inda muke ajiye mota, kuma abin mamaki, wannan aikin ya karɓe shi.

Muna zaune a baranda bayan sati biyu, Baba ya kalli motar ya ce birkin baya ma ya kusa, kada mu jira sai ya yi kuka.

"Asabar mai zuwa ba ni da aiki," na ce.

Malam ya sauke jaridarsa. "Wa zai ja ta baya in an gama?"

"Kai mana," in ji Baba. "Amma sai mun fara kwashe tumatirin."